Amon da ke Riga Murya Isowa

Duk wanda ya taɓa shiga babbar majami'a a Sabon Tasha lokacin da babu kowa, ya tafa hannu sau ɗaya, ya san cewa ƙarar ba ta mutuwa nan take. Takan bugi bangon siminti da rufin kwano ta dawo, tana raguwa har ta ɓace. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan bango ya kai nisan mita 17, kunne yakan ji kalmar ta dawo ita kaɗai, wato amsa-kuwwa ke nan. Idan kuwa bangon na kusa, ƙararrakin da ke dawowa sukan cakuɗe su zama doguwar wutsiya ɗaya. Wannan wutsiya ita ce amo, masu haɗa kiɗa kuma suna ce mata ribab.

A ko'ina murya ce ke fara fita, amo ya biyo baya. Amma akwai dabarar da ke sa amo ya riga murya isowa. Mai sauraro zai ji wani sauti yana tasowa daga nesa kamar iskar hadari, yana ƙara ƙarfi, sai kwatsam mawaƙi ya buɗe baki. Jimmy Page, makaɗin gita na Ingila, ya ce shi ya fara yin haka a 1967 tare da ƙungiyar Yardbirds. An kuma yi amfani da ita a fim ɗin Poltergeist na 1982 domin muryar yarinyar da ta ɓace ta ba da tsoro.

A zamanin faifan zare aikin yana da wuya. Sai an cire faifan an kifa shi domin muryar ta tafi da baya, a ɗauki amonta a wani layi da babu komai, sannan a mayar da faifan daidai. Da an kifa shi kuwa layuka sukan juye, na 1 ya koma na 8 a na'ura mai layi takwas, kuma wanda ya manta da haka yana iya goge muryar da aka wuni ana ɗauka.

Yau ɗalibi mai ƙaramar kwamfuta zai iya yi da FL Studio ko Cubase, ko Audacity wadda kyauta ce tun fitowarta a 2000. Ka kwafi kalmar farko ta waƙar kaɗai zuwa sabon layi, kada ka taɓa ainihin muryar. Ka juya kwafin da umarnin da aka rubuta Reverse. Daga nan ka bar fili na shiru a bayansa, domin idan babu fili wutsiyar za ta yanke. Sai ka sa amo mai tsawon daƙiƙa 2 zuwa 4, ka rage busasshiyar muryar har ya zama amon kaɗai ake ji. Ka adana shi a matsayin sabon sauti, ka sake juya shi. Yanzu wutsiyar ta koma gaba. Abin da ya rage shi ne ka ja shi a hankali har inda ya fi ƙarfi ya faɗa daidai kan harafin farko na mawaƙin. Nan ne ake gane gwani, domin kuskure kaɗan zai sa a ji kamar mawaƙin yana in'ina.

Ga 'yan ƙungiyar mawaƙa da ke tara kuɗi su je situdiyo, akwai abin lura. Hausa tana bambanta kalmomi da tsawon wasali da hawa da saukar murya. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi ba su da bambanci a rubuce, kunne ne ke raba su. Amon da ya yi yawa a gaban kalma yakan ja wasalinta, har gajere ya yi kama da dogo, jama'a su kasa kama abin da aka rera. A ganina sau ɗaya ko biyu ya isa a waƙa guda, musamman gab da shigar amshi. A rage ƙarfinsa ƙasa da muryar, a yanke masa kauri don kada ya yi karo da ganga, sannan a saurari waƙar a lasifikar waya kafin a biya mai situdiyo, tun da yake a nan ne yawancin mutane za su ji ta.