Iskar Ozon da Tsabtace Ruwan Sha

Yau a shirinmu na kimiyya za mu yi magana a kan wata iska da ake kira ozon, da amfaninta wajen tsabtace ruwan sha.

A birnin Riyad na ƙasar Saudiyya, kusa da Fadar Murabba wadda Sarki Abdul'aziz ya gina, akwai wata hasumiyar ruwa mai tsawon mita 61, wadda aka gama a shekarar 1971. Riyad kuwa ba ta da kogi. Ruwanta daga rijiyoyi masu zurfi yake fitowa, da kuma teku, gama ana cire gishirin ruwan teku a Jubail, a turo shi ta bututu fiye da kilomita 400. To, ruwan da zai yi tafiya haka, da me za a kāre shi daga ƙwayoyin cuta?

Maganin da aka fi sani shi ne kulorin, amma ozon ta fi shi ƙarfi. Iskar oksijin da muke shaƙa, ƙwayoyinta biyu-biyu suke haɗe. Idan wutar lantarki mai ƙarfi ta ratsa ta, waɗansu sukan haɗu uku-uku, wannan ita ce ozon. Walƙiya ma takan yi ta. Wani masani Bajamushe, Schönbein, shi ya raɗa mata suna a wajen shekarar 1840, daga kalmar Girkanci mai nufin wari.

Ƙwayar nan ta uku ba ta zama da 'yan'uwanta. Da ta sami wani abu a cikin ruwa sai ta rabu da su, ta kama shi, ta ƙone shi ba tare da wuta ba. Ta haka take fasa jikin ƙwayar cuta, ta kawar da wari da launi. Ƙarfen da ya narke cikin ruwan rijiya kuma ta mai da shi tsatsa, yadda matata za ta iya tare shi.

Birnin Nis na ƙasar Faransa ya soma tsabtace ruwansa da ozon tun 1906. A 1993 kuwa, mutane wajen 400,000 suka kamu da zawo a birnin Milwoki na Amurka, saboda wata ƙwayar cuta mai tauri wadda kulorin ba ya iya kashewa da sauƙi. Shekara biyar bayan haka birnin ya kafa injunan ozon.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Ozon ba ta daɗewa a ruwa: cikin mintoci take komawa oksijin, zafi kuma yana ƙara mata saurin bajewa. Saboda haka ba a iya ajiye ta, sai a yi ta a wurin aiki, da lantarki wanda ba ya yankewa. Ruwan da ya bar matata kuma ba ya tafe da sauran ta. In bututu ya tsage a hanya, ko tanki ya yi datti, ba abin da zai tsare shi. Don haka ko a biranen da ke aiki da ozon, galibi akan ƙara kulorin kaɗan daga ƙarshe, ya raka ruwan har famfon gida. Masu ɗura ruwa a kwalba kuwa suna son ozon, domin ana rufe kwalbar nan take, ba ta kuma barin ɗanɗano.

Akwai wani haɗari kuma, wanda ya shafi ƙasashe irin Saudiyya ƙwarai. Ruwan teku da na waɗansu rijiyoyi masu gishiri yana ɗauke da wani sinadari da ake kira buromaid. Idan ozon ta same shi, takan juya shi ya zama buromet, watau ɗan'uwan sinadarin nan da hukumar NAFDAC ta hana sawa a burodi a Nijeriya, wanda ake zargi da jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikurogiram 10 a lita guda. A 2004 sai da aka janye ruwan kwalba na Dasani daga kasuwannin Ingila saboda ya wuce ƙa'ida.

Abin lura a nan shi ne, babu maganin da ya dace da kowane ruwa. Kafin wani gari ko mai kamfanin ruwan leda a Kano ko Maradi ya sayi injin ozon, lalle ya kai ruwan rijiyarsa ɗakin gwaji, a auna abin da ke cikinsa, sa'an nan ya tabbatar da lantarki da tsabtar tankinsa.