Farfaɗo da Tsofaffin Motocin Tsere Masu Tafiya da Rediyo

Da yawa daga cikinmu, malamai da ɗalibai, mun taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani sa'anda muke yara, muka sa mata doguwar sanda a madadin sitiyari, muna tura ta cikin unguwa. Abin da zan yi bayani a kai ɗan'uwan wannan ne, sai dai shi ya yi ƙarfi ne a Japan da Amurka da Ingila, kuma yawancin masu yinsa a yau magidanta ne masu furfura. Suna neman ƙananan motocin tsere na shekarun 1970 da 1980, waɗanda ake tuƙa su daga nesa da rediyo, su kwance su, su gyara, su mai da su kamar ranar da aka fara harhaɗa su.

Kada mai karatu ya ɗauka irin motar wasan da ake sayarwa a kasuwanninmu ce, wadda in ta lalace sai bola. Waɗannan a cikin kwali suke zuwa, gutsi-gutsi, da jakunkunan noti da littafin umarni mai zane. Mai saye shi zai zauna ya harhaɗa giya da shakazoba da sitiyari da hannunsa, ya yi wa bodi fenti. Yawancinsu kashi ɗaya cikin goma ne na girman motar gaske, wato tsawonsu kamar santimita 40. Da shike kowane yanki yana da lambarsa kuma yana kwantuwa, motar da ta shekara arba'in a bayan kabad tana iya sāke tashi.

A shekarar 1976 ne kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fitar da motarsa ta farko mai rediyo, kwaikwayon Porsche 934. Mutanen kamfanin sun sayi motar Porsche 911 ta gaske suka kwance ta domin su auna sassanta daidai. A 1979 suka kawo Rough Rider da Sand Scorcher, masu gudu a kan ƙasa da yashi, daga nan kuwa kasuwa ta buɗe. Frog ta fito a 1983, Grasshopper da Hornet a 1984, Hotshot mai jan ƙafa huɗu a 1985. Grasshopper da Hornet masu araha ne, su ne suka shiga gidajen yara masu yawa. Wani kamfanin Japan, Kyosho, ya yi Scorpion a 1982 da Optima a 1985, wadda sarƙa ce ke kai ƙarfin inji ƙafafun gaba, kamar ta keke. A Amurka kuma Team Associated ya fitar da RC10 a 1984, da gindinta na alminiyam mai launin zinariya. Da ita Jay Halsey ya ci ajinsa a gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motoci, wadda aka yi a Kalifoniya a 1985. Bayan shekara biyu, a garin Romsey na Ingila, wani saurayi ɗan Japan, Masami Hirosaka, ya ci gasar masu jan ƙafa huɗu da motar Ingila mai suna Schumacher CAT. Waɗannan sunaye su ne mai gyara yake farauta.

Kafin a gyara abu sai an san yadda yake aiki. Mai tuƙi yana riƙe da akwatin rediyo mai aika saƙo. Cikin motar akwai ƙaramin akwati mai karɓa, shi kuma yana ba da umarni ga wasu ƙananan injuna biyu da ake kira sarbo. Ɗaya yana juya sitiyari. Ɗayan yana tura wani hannun ƙarfe a kan faranti mai matakai uku na gudu. A matakan ƙasa wutar batir takan bi ta cikin wani farin dunƙule mai hana wuta wucewa da sauƙi, wato rizisto, sai ƙarfin da ya isa inji ya ragu. Ɗaliban kimiyya za su tambaya, to ina sauran ƙarfin ya tafi? Zafi ya zama. Domin wannan ne rizisto yake ƙona yatsan wanda ya taɓa shi bayan tsere, kuma tafiya a hankali ba ta tanada batir yadda mutum zai zata.

Batirin kuwa ƙwayoyi shida ne na nikel da kadmiyam, kowace bolt 1.2, jimla bolt 7.2. Na farkon shekarun 1980 sukan riƙe miliyamfa 1200 na awa ɗaya. A ce motar tana jan amfa 10 a gudunta, raba 1.2 da 10, za ka sami kashi 0.12 na awa, wato minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi. Ka ga dalilin da ya sa tseren ba ya wuce minti huɗu ko biyar, kuma gwanin direba a wancan zamani shi ne wanda ya iya lallaɓa batirinsa har ƙarshe.

Rediyon ma yana da nasa labari. Da yawa suna aiki a megahaz 27, an raba shi layi shida, kowane layi da ɗan kiristal ɗinsa da ƙyallensa da ake ɗaura wa eriya: ruwan ƙasa, ja, ruwan lemo, rawaya, kore da shuɗi. In mutum biyu suka kunna a launi ɗaya, motar wannan sai ta bi umarnin wancan, ta je ta daki bango. A filayen tsere akan rataye maƙalai a jikin allo, ba mai kunna rediyonsa sai maƙalin layinsa yana hannunsa. Rediyon gigahaz 2.4 da ya bazu daga tsakiyar shekarun 2000 ya kawar da wannan wahala.

To, ga tsohuwar mota an samo, duk ƙura da busasshen giris. Abu na farko, kada a sa mata batir a ce bari a gani ko tana tafiya. Wannan ɗoki shi ne yake kashe motoci da yawa, gama giyar da giris ya daskare a cikinta haƙoranta za su zube nan take. A nemo littafin umarninta tukuna. Yawancinsu masu sha'awa sun ɗora hotunansu a intanet. Sa'an nan a bi shi daga shafin ƙarshe zuwa na farko ana kwancewa, ana ɗaukar hoton kowane mataki, ana zuba notin kowane sashe a murfin kwalba dabam. Noti biyu suna iya yin kama, ɗaya ya fi ɗaya da milimita biyu, dogon kuwa in ya shiga ramin gajere sai ya huda abin da ke bayansa.

Akwai wani ƙaramin abu game da notin Japan da ba kowa ya sani ba. Kansu yana da giciye kamar wanda muka saba gani, amma yankan ya bambanta kaɗan, bisa ga ma'aunin masana'antun Japan da ake kira JIS. Sukurudireba irin tamu ta kullum takan zame daga ciki ta cinye kan notin. Wanda zai yi wannan aiki da gaske, sukurudireba ta JIS ita ce sayayyarsa ta fari. Har wa yau, yawancin notin nan su ne suka yanka wa kansu hanya cikin filastik ranar da aka fara ɗaura su. In za a mayar, sai a juya notin baya a hankali har a ji ya ɗan faɗa cikin tsohuwar hanyarsa, kana a ɗaure. In aka tilasta shi ya yanka sabuwa, ramin zai buɗe, ba zai ƙara riƙewa ba. Kuma da an ji ya tsaya a ƙyale shi. Ƙarin rabin juyi shi ne tsagewa.

Wanki da ruwan ɗumi ne da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Fetur da tina suna cin filastik, haka ma ruwan nan da makanikai suke ɗiga wa noti don kada ya kwance. Wurinsa ƙarfe da ƙarfe kaɗai. Farin filastik da ya koma rawaya wasu sukan jiƙa shi cikin ruwan haidurojin, irin wanda ake wanke rauni da shi, su ajiye a rana har ya yi fari, ko da shike yakan sāke yin rawaya bayan wani lokaci. Sassan nailan kuwa, irin fararen hannuwan RC10, sukan bushe da shekaru su yi gautsi, domin nailan yana buƙatar ɗan ruwa a jikinsa kafin ya lanƙwasa ba tare da karyewa ba. Masu gyara sukan tsoma su cikin ruwan zafi don su sha. Amma fa sai an tabbata nailan ne, gama wani filastik ɗin in ya ji zafi sai ya karkace.

Sauran aikin inji ba shi da wuya sosai. A canja zoben robar da ke cikin shakazoba, a zuba sabon man silikon. Inda kamfani ya sa zoben filastik a kan aksul don sauƙin kuɗi, a sa boris. Wanda aka fi bukata a motocin Tamiya shi ne mai rami milimita 5, faɗi 11, kauri 4. Tsohon batir kuma kada a yi ƙoƙarin cajinsa in ya fara fid da farin gari. Kadmiyam guba ne, ba a fasa shi, ba a jefa shi a wuta ko inda yara suke wasa.

Bodi shi ne inda haƙuri yake ƙarewa. Iri biyu ne. Na Grasshopper da Sand Scorcher filastik ne mai tauri, ana yi masa fenti ta waje kamar motar gaske, ana iya goge shi da sanfefa a cike tsaga. Na Frog da Hornet da RC10 kuwa sirara ne, garai-garai kamar gilashi, kuma ta ciki ake fesa musu fenti domin kada ya kankare in motar ta kife. Wannan yana juya tsarin aiki: launi mai duhu ake fara fesawa, mai haske ya biyo baya, don in aka fara da fari, baƙin da ke bayansa zai dushe shi. Fentinsa ma na musamman ne mai lanƙwasa. Na gama-gari yakan ɓare da karon farko. Cire tsohon fenti daga irin wannan bodi ba tare da ya yi hazo ba abu ne mai wuya ƙwarai, shi ya sa da yawa sukan ajiye na asali su sayi kwaikwayo.

A nan ne masu wannan sha'awa suka rabu biyu. Wasu sun ce motar da aka gyara da sassan asali wurinta kan kanta, a bayan gilashi, domin hannun gaba na 1985 in ya karye ba mai sāke yin wani na 1985. Akwai ma masu sayen kwalin da ba a taɓa buɗewa ba su ajiye shi haka nan, kuma irinsa ne ya fi tsada. Wasu kuwa sun ce an yi mota ne don ta ta da ƙura. Avante ta Tamiya, ta 1988, ita ce misalin da ya fi nuna matsalar: ta yi tsada sa'anda ta fito, sassan gabanta sun yi saurin lalacewa a tsere, ba ta sami kasuwa sosai ba, yau kuwa tana cikin waɗanda aka fi nema. Wa zai saki irin wannan a filin tsakuwa?

Kamfanonin da kansu sun sauƙaƙa gardamar, da suka ga yaran jiya sun girma sun sami albashi. Tamiya ya sāke fitar da Hornet a 2004, Grasshopper da Frog a 2005, Hotshot a 2007, Sand Scorcher a 2010, Avante a 2011. RC10 ta dawo a 2013, Scorpion a 2014, Optima a 2016. Ba kowane yanki nasu ne ya yi daidai da na dā ba, domin an gyara wasu wuraren da suke karyewa, amma da yawa suna shiga. Wanda ba a samu ba, yanzu ana iya zana shi a kwamfuta a buga shi da na'urar da ke gina abu da narkakken filastik. A ganina hanyar da ta fi ita ce a cire sassan asali masu gautsi a ajiye su cikin jaka da sunansu, a sa sababbi, a tuƙa motar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya sa sababbin sassa sa'an nan ya sayar a kan cewa duka na asali ne, wannan kuwa yana faruwa, har masu saye sun koyi duba launin filastik da rubutun da ke jikin sitika.

Wanda ya zaɓi tuƙi, sai ya yi hankali da ƙarfin zamani. Batirin litiyam mai ƙwaya biyu yana ba da bolt 7.4, ba ya da nauyi, yana kuma sakin wuta fiye da na dā nesa ba kusa ba, ga shi yana kama wuta in aka huda shi ko aka caje shi da cajar da ba tasa ba. Injunan yanzu marasa buroshi ma sun fi ƙarfin giyar da aka yi domin ɗan injin Mabuchi 540, balle Grasshopper da ta zo da ƙaramin 380. Canji ɗaya da kusan kowa ya amince da shi shi ne a cire farantin nan mai rizisto a sa na'urar lantarki mai daidaita gudu, wadda take kunna wuta tana kashewa da sauri ƙwarai maimakon ta ƙone ta.

Ranar gwaji, a ɗora motar a kan ɗan katako yadda tayoyinta ba su taɓa ƙasa ba. Rediyon hannu ake fara kunnawa, sa'an nan motar. Wajen kashewa kuma motar ce farko, domin motar da ke kunne ba mai ba ta umarni tana iya zabura da kanta. A juya sitiyari hagu da dama, a saurari giya ko akwai ƙara. In komai lafiya, a sauke ta a fili mai laushin ƙasa, nesa da bango da kwata, a yi minti biyu a hankali, a ɗauke ta a taɓa injin a ji zafinsa, a bi notin ɗaya ɗaya a ga wanda ya saki.