Ziyara Zuwa Ƙasar Gobir: Sabon Birni Da Isa

'Yan'uwa manoma, in ƙungiyarku ta gama kai tana son ganin noman fadama, muna nuna muku ƙasar Gobir. Daga Sakkwato hanya ta bi ta Goronyo, inda aka gama madatsar ruwa a 1984, har Sabon Birni. Daga nan ta yi kudu zuwa Isa da Shinkafi.

Gulbin Rima shi ne arzikin ƙasar. Da damina akan yi gero da shinkafa, in ruwa ya janye kuma a dasa albasa. Kusa da Sabon Birni za ku ga kufan Alƙalawa, birnin sarakunan Gobir da aka ci a 1808. Iyakar Nijar ba nisa, mutanen Tsibiri kusa da Maraɗi ma Gobirawa ne.

Amma fa a yi hattara. A watan Disamba 2021 'yan bindiga sun ƙone matafiya cikin mota a ƙasar Sabon Birni. Saboda haka muna roƙonku, ku tambayi labarin hanya a tasha, ku sami mai masauki tukuna, kada ku yi tafiyar dare. In an ce ku dakata, ku dakata. Rigakafi ya fi magani.