Majigi da Yaƙin Hitila

Da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, Birtaniya ta kafa sashen shirya finafinai mai suna Colonial Film Unit, ta damƙa shi ga William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Legas. Manufar ita ce talakawan ƙasashen da take mulka su mara mata baya. Motocin majigi suka shiga garuruwa, tafinta na bayani.

Amma akwai raini a cikin tsarin kansa. Sellers ya ɗauka ɗan Afirka ba zai gane hoto mai saurin canzawa ba, don haka komai sannu-sannu ake yi, kamar karatun yara. Fim ɗin Mr English at Home na 1940 iyalin wani kafinta Bature ya nuna, wai abin koyi.