Tsohuwar Beetle a Hanyar Gargada: Yadda Ake Tausasa Mata Ƙafa

Duk wanda ya riƙe tsohuwar Volkswagen Beetle a ƙasar nan ya san ƙorafin fasinja da zarar an sauka daga kwalta: gaban motar na tsalle, bayanta na dukan ƙugu, haƙora na haɗuwa. Ina da guda, ita nake shiga zuwa ƙauyenmu, inda hanyar burji ce da damina ke zaizayewa kowace shekara. Abin da zama da ita ya koya mini shi ne, yawancin wannan azaba ba daga ƙirar motar take ba. Daga tsufa take, da kuma gyaran da ake yi mata da tunanin wata mota daban. Saboda haka mai son daɗin tafiya ya fara maido mata da abin da kamfani ya sa mata, sannan ya yi zancen ƙari.

An zana Beetle a Jamus a shekarun 1930 ƙarƙashin jagorancin injiniya Ferdinand Porsche, kuma an ƙera sama da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko a 2003. A nan gida Najeriya, an fara harhaɗa ta a Ojo da ke Legas a 1975, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suka yi ta saye da bashin mota. Ba banza ta karɓu ba. Injinta na baya, ya danne tayoyin da ke ja, don haka ba ta cika kafewa a yashi ko taɓo ba. Cikinta a shafe yake, tsakaninta da ƙasa kusan santimita 15, ga tayoyi masu inci 15, manya ga mota mai ƙaramin jiki. Tun asali ba 'yar kwalta kaɗai ba ce.

Ba irin sifirin ɗin da ka sani ba

Ka leƙa ƙarƙashin Beetle ta asali, ba za ka ga naɗaɗɗen sifirin ba. Ƙarfe ne ake murɗawa, kamar yadda za ka murɗe ɗanyen reshe ka sake shi ya koma yadda yake. A gaba akwai bututu biyu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, kowanne da damin siraran ƙarafa a ciki, an ɗaure tsakiyarsu da noti. Hannuwan da ke riƙe taya suna maƙale a bakinsu. Taya ta hau dutse, hannu ya ɗaga, ƙarafan su murɗe. A baya kuwa, sanda ce guda dunƙulalliya a kowane gefe, da faffaɗan faranti da ya haɗa ta da taya. Sai a 1970, da samfurin 1302 ya fito, aka sa naɗaɗɗen sifirin a gaba.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne nauyi. Motar ba ta wuce kilo 800 da wani abu ba, kuma kusan kashi uku cikin biyar na wannan nauyi a baya yake. Gabanta fayau ne, tankin mai da tayar safaya kawai ke danne shi. Duk abin da ka ƙara wa gaban nan na tauri, a jikinka za ka ji shi.

Gyaran da ba ya cin ko kwabo

Je wurin mai faci ka ce ya duba maka iska, zai buga wa kowace taya 35 ko 40, domin haka ya saba yi wa sauran motoci. Awon da kamfani ya bayar ga Beetle kuwa kusan 18 ne a gaba, 27 a baya. Ninki biyu ke nan aka ɗora wa gaban da ba shi da nauyi, sai taya ta riƙa tsalle a kan tsakuwa maimakon ta shanye ta, sitiyari kuma ya yi ta rawa a hannu. Ni kan tsaya a kan mai facin in faɗa masa lambar, in kuma ajiye gejina a cikin mota. Wanda bai taɓa gwada wannan ba zai rantse an canza masa ƙafa.

Ita ma tayar a duba irinta. Mai lamba 165/80 R15 tana da doguwar kafaɗa, kuma kafaɗar nan ita ce ke fara karɓar duka kafin ya isa ƙarfe. Samari na son faffaɗan wili da siririyar taya don kwalliya, amma a gargada wannan ado wuya ne, ga shi wili mai nauyi na wahalar da ƙafar ƙaramar mota. Tayar motar kaya ma ba ta dace ba, ta yi tauri. A kuma karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Tsohuwar roba takan bushe ko da zanenta bai cinye ba.

Giris, roba da shokazoba

Bututun gaba na da bakin giris guda huɗu. Ƙurar hunturu da ruwan damina kan haɗu su daskarar da tsohon giris, hannuwan su riƙe, motar ta koma tafiya a kan taya kaɗai. A ɗaga gaban da jak har tayoyi su yi lilo, a tura sabon giris sai tsohon ya fito ta gefe. Idan gefe ɗaya ya zauna, mai yiwuwa wasu daga cikin siraran ƙarafan nan sun karye, sai a zare damin a duba. Motocin Jamus daga samfurin 1966 boljoyin gare su, waɗanda suka gabace su kuwa fil ne da ke son giris a kai a kai. A duba tayarod, a duba ɗan shokazobar da ke kwance yana riƙe sitiyari, domin in ya mutu, rami ɗaya ya isa ya sa gaban motar karkarwa.

A nan ne bakanike zai ce maka, Alhaji, a sa mata shokazoba mai gas, ta fi ƙarfi. Ƙarfi ba shi ne abin nema ba. Shokazoba ba ta ɗaukar nauyin mota, aikinta ta hana motar ci gaba da lilo bayan an wuce rami. Mai gas mai matsi da yawa an yi ta ne don mota mai nauyi ko mai tsere, a gaban Beetle kuwa sai ta sandare shi. Mai mai zalla, irin ta Boge ko Cofap ta Barazil, ita ce ta dace da gaba. A baya, inda inji yake, ana iya jure mai gas marar tsanani. A guji kuma shokazoba mai sifirin a jiki da wasu ke sa wa don ɗaga mota, domin wurin da ake ɗaura ta ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba, yana iya tsagewa.

Farantin baya na zaune tsakanin robobi biyu a kowane gefe. In sun cinye, ƙarfe na bugun ƙarfe. A sa na roba irin na asali, a shafa musu hoda, ba bakin mai ba, domin mai na cinye roba. Jajayen robobi masu tauri sun fi daɗewa, amma suna ƙara da kuka, suna kuma miƙo maka kowace tsakuwa.

Ɗaga ta, amma da lissafi

Da shekaru, bayan Beetle kan zauna, har tayoyi su buɗe ta ƙasa. Motar da ta zauna ba ta da sauran wurin lotsawa, rami kaɗan sai ta daki robar tsayawa. Maganin na cikin sandar kanta. Bakinta na ciki yana da haƙora 40, na waje 44. Haƙori ɗaya na ciki digiri 9 ne, na waje digiri 8 da ɗan ɗori. In aka juya na ciki gaba, na waje baya, bambancin bai kai digiri ɗaya ba, kusan rabin santimita a tsayin mota. In kuwa haƙori ɗaya aka tsallake a baki guda kawai, motar za ta tashi fiye da santimita 5. Aikin na son ma'aunin kusurwa da alama kafin a kwance, kuma farantin a ɗane yake, yana iya karya hannu. Ba aikin yaron gareji ba ne.

Akwai iyaka. Yawancin Beetle da ke hannun mutane ƙafar bayansu daga giyabos take lilo, ta yadda in an ɗaga motar da yawa tayoyi kan tsuke ta ƙasa. A kwana da gudu, tayar waje na iya shigewa ƙarƙashi motar ta kife. Saboda haka ni ba na wuce tsayin kamfani sai da santimita biyu ko uku. A gaba ma ana iya walda abin daidaita tsayi a tsakiyar bututun, kuma masu walda irin na Panteka a Kaduna ba za su gagara ba, amma in an zarce, boljoyin zai ƙure ya karye. Bayan kowane irin wannan aiki a yi alaimin.

Masu tseren hamadar Baja a Meziko suna da rukuni na 11, na Beetle da aka bar ta kusan yadda kamfani ya yi ta, kuma tana ratsa duwatsu da yashi da waɗannan ƙarafa masu murɗewa. Su ƙarfi suke nema don gudu, kai sauƙi kake nema don ƙugunka, don haka kada ka kwafi taurinsu.

Saura kujera. Sifirin ɗinta da abin da aka cusa mata sun shekara arba'in ko fiye suna ɗaukar mutane. Mai kushin ya ɗaure wayoyin da suka tsinke, ya sa soso mai kauri. In za ka ɗauki buhu, sa shi a but ɗin gaba, nauyin zai kwantar da hancin motar.

Tsarin da nake ba duk wanda ya tambaye ni shi ne: iska, giris, robobi, shokazoba, tsayi, kujera, kuma a gwada motar a hanya guda bayan kowane mataki, don a san wanne ya yi aiki. Tazarar tayoyin gaba da na baya mita 2.4 ce kawai, don haka ba za ta taɓa shanye rami kamar Peugeot 504 ba, duk kuɗin da aka kashe a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma matakai ukun farko sun fi sauran araha, kuma sau da yawa daga nan mai mota ke fasa sayen sauran.