Kyandir Mai Ƙanshi Da Turaren Wuta: Shawara Ga Masu Saye Don Bazara Da Damina

Kwanan baya, da farkon damina, mun fita rangadin makarantu yammacin Kano. Muka bi ta Rimin Gado, muka ratse Garo da Kabo, sa'an nan muka yada zango a Gwarzo. Da aka sallame isha'i wani babban malami ya kai mu gidansa cin tuwo. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar zaure, sai ga yaro ya fito da wani kyandir ruwan ɗorawa cikin kofin gilashi, ya kunna, ya ajiye tsakaninmu. Ƙanshinsa kamar na lemun tsami. Maigidan ya ce tsarabar birni ce, mai kanti ya tabbata masa muddin kyandir ɗin yana ci sauro ba ya kusantar wurin. Ya ƙara da cewa tun da aka same shi yara sun huta da shiga gidan sauro, gama da ma kullum kukan zafi su ke yi. Yana wannan bayani, mu kuwa muna ta dūkan ƙafafunmu.

Wannan magana ta tsaya mana a rai. Malamin nan mutum ne mai hankali, mai son iyalinsa, abin da aka gaya masa ne kurum ya gaskata. Mun kuwa lura irin wannan kyandir ya fara shiga gidajen malaman makaranta da ma'aikatan ofis, har a kan sa shi cikin kayan ɗakin amare. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayanin abin da ya ke iyawa da abin da ba ya iyawa, don wanda zai saya ya saya da saninsa.

Bazararmu Dabam, Ta Turawa Dabam

Yawancin kyandir ɗin nan an tsara shi ne don lokacin zafin ƙasashen Turai da Amurka, watau daga watan Yuni zuwa Agusta. A London cikin watan Yuni rana ba ta fāɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, zafin kuwa yawanci bai fi digiri ashirin da 'yan kai ba. Mutanen da suka sha watanni a ƙulle cikin ɗaki don ɗari sai su fito lambun bayan gida su zauna, su kunna kyandir don marmari.

Mu namu ba haka ya ke ba. Zafinmu yana tsananta daga Maris zuwa Mayu, cikin Afrilu ma'auni ya kan kai digiri 40 a ƙasar Kano. Watannin da su ke kira lokacin zafi kuwa mu daminarmu ce, lokacin hadari da danshi da sauro. Ashe bukatarmu biyu ce: da bazara muna neman ƙanshin da ba zai ƙara wa ɗaki zafi ba, da damina muna neman abin da zai kawad da warin danshi. Wanda ya karanta abin da aka rubuta jikin kwali bai tuna da wannan bambanci ba, zai sayi abin da aka yi don wata ƙasa.

Da Me A Ke Yin Kyandir

Abu uku ke cikin kyandir mai ƙanshi: kaki, da lagwani, da man turare. Kakin da ya fi yawa a kasuwa shi ne farafin, wanda a ke tacewa daga ɗanyen man fetur. An fara yin kyandir da shi wajen shekara ta 1850, shi ne kuma mai araha. Akwai kakin waken suya, wanda aka fara yi a Amurka bayan 1990, mai laushi ne, yawanci cikin kofi a ke zuba shi. Sa'an nan akwai kakin zuma, wanda ya girme su duka, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64. Wani farafin kuwa tun daga digiri 46 ya ke fara narkewa, kafin nan ma ya riga ya yi laushi.

To, wanda ya san ɗakin kwano da tsakar ranar bazara ya san abin da zai faru. Dogon kyandir na farafin ya kan lanƙwashe, na cikin kofi ya kan yi gumi, man turaren ya taso sama ya bi iska, kafin a kunna shi rabin ƙanshin ya tafi. Don haka mai saye da bazara ya zaɓi na cikin kofi mai murfi, ya ajiye shi ƙasa wurin da ya fi sanyi, kamar kusa da randa, kada ya bar shi bakin taga ko cikin mota. Ya duba lagwanin, ya zama na zaren auduga, yana kuma tsakiya sosai. Wani tsohon yayi a kan sa siririn ƙarfe cikin lagwani, wani lokaci na dalma, wadda guba ce, har Amurka ta hana sayad da irinsa a 2003. In ka mutsuttsuka bakin lagwani ka ji ƙarfe, ba ka kuwa san irinsa ba, ka bar shi.

Game da ƙanshi, zafi ya kan ƙara masa ƙarfi. Turaren da ya yi daɗi da hunturu ya kan hau kai da bazara. Mai sauƙi, irin na lemo ko na ganye, shi ya fi dacewa. Ka buɗe ka shinshina tun a kanti: in ya buge ka tun ba a kunna ba, to, ya fi ƙarfin ƙaramin ɗaki.

Ƙanshin Da Muka Gada

Kada ɗokin baƙo ya mantad da mu ɗan gida. Tun kafin kyandir ya zo iyayenmu mata sun san kasko da garwashi. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa cikin ƙarni na 15, har yau akwai masu sayad da kayan turare a cikinta, daga nan kuma 'yan koli su ke sarowa su kai kasuwannin ƙauye irin su Getso. Wasu kayan daga nesa su ke zuwa. Sandal itacen Indiya ne. Jawul ƙaro ne na tsibiran gabas, sunansa ma daga Jawa ya samo asali. Farce kuwa murfin wani dodon kodi ne na teku. Wasu kuma namu ne na gida: ƙajiji saiwar ciyawar fadama ce, haka jema, ga kuma ƙaron hano da ke fitowa a tuddai masu duwatsu. Matan Barno sun shahara wajen haɗa su, su jiƙa itacen da turare, su dafa shi da sukari.

In aka gwada su biyun, kowanne da inda ya fi. Kyandir ba ya hayaƙi da yawa, yana ba da haske, amma sai ya daɗe yana ci kafin ɗaki ya ɗauka, duk tsawon lokacin nan kuwa harshen wuta yana tsaye. Turaren wuta cikin ɗan lokaci ya ke gama aikinsa, a fitad da kasko, ƙanshi ya kama labule da shimfiɗa ya wuni. Da damina, sa'ad da tufafi su ke warin danshi, babu kyandir ɗin da zai yi abin da kasko da kabbasa za su yi. Da bazara kuwa sai a rage: ɗan ƙajiji ko sandal da safe, taga a buɗe, ya isa. A tsakar gida ko lambu, inda iska ke kaɗawa, ƙanshin kowannensu ba ya zama. Wanda ya kunna kyandir mai tsada a fili ya turara wa maƙwabta ne.

Maganar Sauro

Yanzu mu komo kan abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Man da ke cikin kyandir ɗin malamin nan sunansa sitironela. Daga wata ciyawa a ke tatso shi, wadda a ke nomawa a Siri Lanka da Jawa, 'yar'uwar tsaure ce da nobe da mu ke da su a nan. Gaskiya ne sauro ba ya son warinsa in an shafa shi a fata, ko da ya ke ba ya daɗewa. Amma ɗan abin da ke tashi daga kyandir kaɗan ne ƙwarai. A 2017 masana a wata jami'a ta Jihar New Mexico a Amurka suka gwada magungunan sauro iri iri, suka tarar kyandir ɗin sitironela bai rage sauron da ke zuwa wurin mutum ba yadda za a ce ya yi wani amfani.

Ko da a ce yana korewa, ga wata matsala. Macen sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro numfashin mutum da guminsa ta ke bi, ta fi cizo kuwa daga tsakar dare zuwa asuba, sa'ad da kowa ya yi barci. Kyandir na hira ne, lokacin nan an riga an kashe shi. In kuwa ba a kashe ba, an kauce wa sauro an tari gobara.

Ciwon nan ba abin wasa ba ne. Tun 1897 likita Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar cikin cikin sauro a Indiya, amma har yanzu, bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Nijeriya su ke, ƙananan yara ne kuma ya fi kashewa. Daga 1969 zuwa 1976 hukumar nan da Gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban gwaji a ƙasar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu tana Jigawa. Aka yi ta fesa magani a ɗakuna, aka raba ƙwayoyi ƙauye ƙauye. Ciwon ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka daina kuwa ya komo. Abin da ya gagari wannan runduna, ina kyandir ɗaya zai iya da shi?

Mutanen da ke kusa da madatsun ruwa irin Guzu-Guzu, da masu lambun rani a fadamu, su ya fi kamata su kula, gama wurinsu sauro ba ya jiran damina. Ɗan ruwan da ya kwanta cikin sawun shanu ko ramin da aka haƙi ƙasar gini ya ishe shi, cikin kwana goma ko kusa da haka ƙwai ya zama sauro. Kowane malami kuwa ya san yadda rajistar aji ta kan cika da alamar fashi daga Agusta zuwa Oktoba.

Abin da aka tabbata yana tsare yaro shi ne gidan sauro mai magani, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa kowane dare. In zafi ya kori mutane waje, a kafa sanduna a ɗaura shi a tsakar gida. Sai kuma maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya su ke bi gida gida suna bai wa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata wata cikin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012. Igiyar leko tana da maganin ƙwari a cikinta, ta fi kyandir korewa, amma wani bincike na 2003 ya nuna ƙurar hayaƙin guda ɗaya ta kai ta taba sigari 75 ko fiye. Ba abin da za a rufe ɗaki da jariri a kunna ba ne.

Wuta Ba Ta Da Ƙarama

Gidajenmu cike su ke da abincin wuta: zana, da tabarma, da labule, da katifar soso, da shi kansa gidan sauron. Wanda zai kunna kyandir ya ɗora shi kan faranti na ƙarfe ko kasko, wurin da yaro ko kyanwa ba za su ture ba, ya nisanta shi da labule kamar kamu guda. Ya datse lagwani ya bar kamar tsawon ƙwayar masara, gama dogon lagwani shi ke kawo baƙin hayaƙi. Kada ya bar shi ya wuce awa huɗu yana ci, kada kuma ya fita ko ya kwanta bai kashe ba. A ɗakin kwanan ɗalibai kuwa muna ganin kada a yarda da shi ko kaɗan, tun da yanzu fitila mai aiki da hasken rana ta wadata.

Kasko ma yana da nasa. Gawayin da ke ci cikin rufaffen ɗaki yana fitad da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mutum ya kan ji ciwon kai da jiri, wani ma daga barci sai lahira. A turara ɗaki a fitad da garwashi kafin a kwanta. Mai ciwon asma da jariri kuma a ɗauke su tukuna har hayaƙi ya lafa.

Roƙonmu Ga Malamai Da Ma'aikata

Ga malaman aikin hannu akwai darasi a nan. Masu amya da yawa in sun matse zuma sai su zubad da kakin. Ɗalibai suna iya tattaro shi, su sa cikin gwangwani, su tsoma gwangwanin cikin ruwan zafi har ya narke, kada dai a ɗora shi kan wuta kai tsaye, su tace, su zuba cikin ƙaramin kasko da lagwanin zaren auduga. Za su sami kyandir mai ƙanshin zuma wanda zafinmu ba ya lanƙwasawa, su kuma koyi sana'a.

Ba mu ce kada kowa ya sayi kyandir mai ƙanshi ba. Son ƙanshi ɗabi'armu ce, wanda Allah Ya hore wa ya saya ya ji daɗinsa. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa: kyandir don ƙanshi ne da ado, ba mai gadin yara ba ne. Ku malamai da ma'aikata, abin da aka gani gidanku shi a kan kwaikwaya a unguwa. In aka ga kun naɗe gidan sauro don kun sami kyandir, gobe maƙwabci ma zai naɗe nasa.

Malamin nan na Gwarzo, kafin mu yi sallama, da kansa ya shiga gida ya sa aka sauko da gidan sauron yara aka ɗaura. Kyandir ɗin kuwa ya ce ya bar wa uwargida ta ƙawata ɗakinta. Muna fata masu karatu za su yi koyi da shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.