Tafi-da-gidanka ta hannu: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da tafiya ta taɓa kai shi Faransa ko Beljika a watan Yuli ko Agusta, ya ga motoci bisa manyan hanyoyi suna jan wani ɗan farin ɗaki mai taya biyu. Faransawa na kiran sa karaban, Hausawa kuwa suka raɗa masa tafi-da-gidanka. A cikinsa akwai gado, da murhun gas, da ɗan firiji, da wurin ajiyar kaya. Akwai kuma mai naɗewa, wanda a kan hanya bai wuce tsayin ƙirjin mutum ba, sai an isa masauki a ɗaga rufinsa, ya zama ɗaki sosai.

Asalin abin hutu ne. A 1936 dokar Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, kuma bayan yaƙin duniya na biyu iyalai suka saba da kwana a bakin teku ba tare da biyan otel ba. A 1957 aka fara ƙera Eriba a Jamus, a 1961 kuma kamfanin Rapido na Mayenne ya fito da mai naɗewa. Shi ya sa tsofaffinsu suka yi yawa a kasuwannin Turai, kuma kuɗinsu kan faɗi daga Satumba, idan hutu ya ƙare masu su suna gudun biyan wurin ajiya. Wannan arha ce ke jan hankalin wanda ya je sayen motocin hannu a unguwar Heyvaert ta Burusel. Amma masu iya magana sun ce arha ba ta ado.

Babban abokin gabar karaban ruwa ne. Bangonta falle ne na alminiyom a waje, da siraran katako a ciki. Idan dankon da ya rufe bakin taga ko kusurwar rufi ya tsage, ruwan sama na shiga sannu a hankali, katakon ya ruɓe alhali fentin waje na ta ƙyalli. Mai saye zai shiga ya rufe ƙofa ya shaƙi iska, domin warin ruma ba ya ɓoyuwa. Zai danna bango da yatsa a kowace kusurwa, ya buɗe akwatunan ƙarƙashin gado, ya taka daɓen a ko'ina. Inda ya lotsa, to ɓarna ta riga ta yi nisa, gyaranta kuma yakan fi kuɗin sayen. Ga mai naɗewa, dole a buɗe ta gaba ɗaya a gaban mai ita, a duba tamfol da ɗinki da ƙarfunan ɗaga rufi.

Na biyu, takardu. A Faransa, wadda nauyinta da kaya ya wuce kilo 500 tana da nata kart giriz da tata lamba, wadda ta wuce kilo 750 kuma dole tana da birki. Lambar da aka buga a ƙarfen gindinta ta zama daidai da ta takarda, in ba haka ba ana iya sayen kayan sata, kuma duwan ba za ta saurari uzuri ba.

Na uku, tayoyi. Karaban kan shekara a tsaye, sai tayar ta bushe ta tsattsage alhali zanenta bai ci ba. A gefen kowace taya da aka yi tun 2000 akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Haka robar gas, ita ma an rubuta shekarar da za ta daina aiki. Firijin irin waɗannan ɗakuna kuwa an yi shi ne don yanayin Turai. A zafin Afrilu na Yamai ko Tawa da ƙyar yake sanyaya ruwa.

Sai lissafi. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ke nan ta yuro 2.000 ta kai jika 1.312 tun ba ta bar Turai ba. Bayan haka ga kuɗin jirgi daga Anbes, wanda girman kaya ke ƙayyade shi, ga duwan, ga ɗauko ta daga gaɓar teku. Rufe iyakar Benin da aka yi bayan Yulin 2023 ya karkatar da kaya da yawa ta Lome da Burkina, hanya mafi tsawo da tsada.

Akwai darasi a tarihin Agadas. A shekarun 1970 da 1980, Turawa masu ƙetaro Sahara ta Tamanraset da Asamaka da Arlit sun riƙa zuwa da Peugeot 504 suna sayarwa, kuma tanti ko cikin mota ne makwancinsu, domin ɗaki mai ƙananan tayoyi ba ya jure rairayi da gargada. Wanda aikinsa ke bisa gudron tsakanin Yamai da Damagaram, ko mai son kafa ta wuri guda a gona ko wurin gini, zai iya cin moriyarta shekaru. Mai bin kasuwannin ƙauye da damana kuwa, gara ya sa kuɗinsa a mota mai ƙarfi da tanti mai kyau.